Rezin, Tukunya ko Tankin Ƙwayoyin Halitta: Wace Hanya Ta Fi Dacewa da Ƙera Feftayid Mai Zobe da Yawa?

Feftayid mai zobe sarƙar amino asid ce da aka ɗaure ta ta zama zobe, domin ta riƙe siffarta kuma enzayim ɗin jiki su kasa cinye ta da wuri. Haɗa giram biyar a ɗakin gwaji ba abin tayar da hankali ba ne. Rigimar tana farawa ranar da aka ce ana buƙatar kilo hamsin a shekara, kowane zubi iri ɗaya da na bayansa, a farashin da kasuwa za ta ɗauka. A nan ne kamfani ke tsayawa tsakanin hanyoyi huɗu: gina sarƙar a kan ƙwayoyin rezin (ƙananan ƙwayoyin roba), wadda masu sana'ar ke kira SPPS, gina ta a narke cikin tukunya, wato LPPS, ɗinke gutsattsarin da aka gina a rezin, ko kuma a bar wa ƙwayoyin halitta da enzayim aikin.

Abin da za a auna kafin a zaɓa

Tambayar farko ba ta sinadari ba ce, ta lissafi ce: kilo nawa a shekara? Allurar oxytocin, maganin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ta IU 10 (ma'aunin ƙarfin magani) tana ɗauke da kimanin maikurogiram 17, ke nan kilo ɗaya ya kusa isar allura miliyan 60. Enlicitide na kamfanin Merck, ƙwayar rage kolestarol da ake haɗiya, an gwada shi a miligiram 20 kullum: giram 7.3 ga mutum ɗaya a shekara, tan 7.3 ga mutum miliyan ɗaya. Icotrokinra kuwa, maganin haɗiya na cutar fatar psoriasis, miligiram 200 ne kullum, don haka mutum dubu 100 kawai za su cinye wannan tan 7.3 ɗin. Dukansu feftayid masu zobe ne, amma masana'antar da za ta wadatar da na farko ko ƙofar na uku ba za ta kai ba. Magungunan haɗiya su suka birkita lissafin, saboda ɗan kaɗan ne ke tsallake hanji ya shiga jini.

Ta biyu ita ce irin ƙullin. Akwai gadar salfa biyu tsakanin Cys da Cys (amino asid ɗin cysteine; da haruffa uku ake gajarta sunan kowane amino asid), kamar a oxytocin da octreotide. Akwai ƙullin laktam ta rassan gefe, kamar a bremelanotide. Akwai haɗa kai da wutsiya, kamar a cyclosporine da pasireotide. Akwai kuma gadar salfa guda ta thioether, irin ta carbetocin. Kowane ƙulli da irin matsalarsa, har da ƙarkon maganin bayan ya bar masana'anta. Oxytocin yana son firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, abin da ungozoma a asibitin karkara da babu tsayayyiyar wuta ta san wahalarsa. Carbetocin, wanda ba shi da gadar salfa biyu kuma aka gyara ruwan da ake zuba shi ciki, yana jure digiri 30 har shekara uku. Gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018, kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma har da Najeriya, shi ya buɗe masa hanya.

Sauran ma'aunan su ne tsawon sarƙar da yawan baƙin amino asid (waɗanda ba sa cikin na asali da jiki ke gina furotin da su) da ke cikinta, tsadar kowane giram, ɗorewar tsarin daga zubi zuwa zubi, saurin kafa shi, da haɗarinsa ga ma'aikata da kuma a gaban hukumomin magunguna.

Rufe zoben, inda kowa ke tuntuɓe

Kafin a shiga hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, dole a tsaya a wannan matakin, don shi ke yawan karya tsarin da ya yi kyau a ƙaramin kwalba. Bakin sarƙa guda yana iya kama ɗaya bakin nata, zobe ya fito, ko ya kama bakin maƙwabciyarta, a samu tagwaye da dogayen sarƙoƙi marasa amfani. Maganin da aka gada shi ne tsinka haɗin da ruwa sosai, wajen milimola 1 a lita. Ga feftayid mai nauyin giram 1,000 a kowace mola, wannan giram ɗaya ne a lita. Kilo 20 zai ci lita 20,000, kuma duk ruwan nan sai an ƙafar da shi ko an tura shi ta bututun tacewa daga baya.

Masana'antu suna kauce wa wannan ta hanyar ɗiga sarƙar a hankali da famfo cikin tukunyar da sinadarin haɗawa ke jira. Matuƙar zoben yana rufewa da sauri fiye da yadda ake ɗigawa, sarƙar da ba ta rufe ba ba ta taruwa, kuma a ƙarshe ana iya tara giram goma ko fiye a lita. Abin da ke ɓata wannan dabara a babbar tukunya shi ne gaurayawa. A kwalbar lita ɗaya ɗigon yana bajewa nan take. A tukunyar lita 5,000 yana daɗewa a dunƙule a bakin bututu, kuma a wannan ɗan wurin ne tagwaye ke haihuwa. Shi ya sa ake nutsar da bakin bututun kusa da farfelar motsawa, a riƙa ɗibar samfur ana dubawa da HPLC (na'urar bututun tacewa da ke rarrabe abin da ke cikin samfur), a rage gudun famfo da zarar sarƙar buɗaɗɗiya ta fara taruwa.

A ƙullin kai da wutsiya akwai wata cuta ta daban: amino asid na ƙarshe yana iya juya hannu, daga siffar L ya koma siffar D, wato hotonta na madubi, lokacin da aka zaburar da shi. Abin da ke fitowa nauyinsa ɗaya da maganin, kuma yana fita a bututun tacewa dab da shi. Rigakafin shi ne a zaɓi wurin yanke zoben da wayo, a sa Gly ko Pro a bakin ƙarshe idan akwai su, a yi aikin da sanyi, a rage alkali. Gwada wurare uku ko huɗu na rufewa tun ana matakin giram aikin makonni ne. Gano kuskuren a matakin kilo asarar zubi ce.

Gadar salfa biyu ta fi sauƙi. Ana barin iska ta yi aikin a pH kusan 8, ko a yi amfani da aidin idan ana gaggawa. Aidin yana da sauri amma yana taɓa Tyr da Trp da Met in ya daɗe, don haka a kashe shi da asid ɗin bitamin C da zarar an gama. In gadojin sun kai uku, kamar a linaclotide mai amino asid 14, Cys shida suna iya haɗuwa ta hanyoyi 15, ɗaya ce kawai daidai. Ƙullin laktam kuma yakan buƙaci murfin Alloc (sinadarin da ke toshe wani baki na amino asid kafin lokacin haɗa shi) da ake cirewa da ƙarfen faladiyom, kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ICH Q3D kan ragowar ƙarafa a magani ta kayyade faladiyom a maikurogiram 10 a rana ga maganin allura, 100 ga na haɗiya. Ke nan an ƙara matakin kama ƙarfe da gwajinsa.

Gini a kan rezin

Bruce Merrifield ya fito da wannan hanya a 1963, ta kawo masa kyautar Nobel a 1984, kuma har yau ita ce kowa ke fara bi. Ana maƙala amino asid na farko a ƙwayoyin rezin, a cire murfin Fmoc da fiferidin kashi 20 cikin 100 a ruwan narkarwa na DMF, a wanke sau biyar ko shida, a haɗa na gaba da sinadaran haɗawa DIC da Oxyma, a duba da gwajin launi na Kaiser ko akwai sauran da bai haɗu ba, a sake wankewa, a maimaita. A ƙarshe a tsinke sarƙar daga rezin da asid ɗin TFA, a zubo ta a ruwan sinadarin MTBE ta kwanta.

Sauƙinta babu tamka: cikin watanni kaɗan ana iya fitar da zubin farko mai ingancin GMP, wato ƙa'idar ƙera magani da hukumomi ke buƙata, kuma canza amino asid guda ba ya rushe tsarin. Tana da wata baiwa ga zobe: sarƙoƙin da ke ɗaure a rezin ba sa yawo, don haka ana iya rufe zoben tun suna can. Sai dai hakan na buƙatar rezin mai ɗaukar kaya kaɗan, kamar milimola 0.2 zuwa 0.3 a giram, maimakon 0.8 ko fiye, kuma nan take abin da tukunya ke bayarwa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku. Da yawa sun gwammace su gina a rezin 2-CTC, mai sakin sarƙa da ɗan asid kaɗan, su tsinke da TFA kashi 1 cikin 100 ta yadda murafan gefe za su tsira, su rufe zoben a narke.

Tsadarta tana cikin ruwa. Nazarin da ƙungiyar kamfanonin magani da ke ƙarƙashin ACS, ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka, ta wallafa a 2024 ya nuna cewa kilo ɗaya na feftayid ta wannan hanya yana cin kimanin kilo 13,000 na kayan aiki, galibi ruwan wanki da na tacewa, alhali ƙananan magungunan da aka saba suna cin ɗaruruwa kawai. Ana kuma zuba amino asid ninki ɗaya da rabi zuwa biyu ko a masana'anta. Ga Ala ko Leu ba komai. Ga baƙon amino asid da sai an yi mataki takwas kafin a same shi, rabin kuɗin ne ke bin magudana.

Kuskure yana taruwa, don ba a tsarkake komai a tsakiya. Sarƙa mai amino asid 15 tana da haɗi 14. In kowanne ya yi kashi 99.5, za a tsira da kusan 93. In 98 ne, 75. Ragowar sarƙoƙi ne masu giɓin amino asid ɗaya, kuma su ma suna rufe zobe abinsu. Asp da Gly a jere suna haifar da wani datti mai suna aspartimide a cikin fiferidin. Pro a matsayi na biyu yana sa sarƙar ta tsinke kanta daga rezin Wang. Amino asid masu N-methyl, waɗanda feftayid ɗin haɗiya ke cike da su, suna ƙin haɗuwa sai an maimaita. A babbar tukunya rezin yana kumbura yana danne kansa, tsiyayewar da ke ɗaukar daƙiƙu ta koma ta mintuna masu yawa, wanki ya kasa fitar da fiferidin, amino asid guda ya shiga sau biyu.

Ta fuskar haɗari: Tarayyar Turai ta tsaurara ƙa'idar DMF tun Disamban 2023, fiferidin yana cikin sinadaran da ake sa wa ido saboda miyagun ƙwayoyi, a cikin sinadaran haɗawa HOBt busasshe yana fashewa, HATU da HBTU suna jawo wa ma'aikata borin jini mai tsanani, kuma an tabbatar DIC da Oxyma suna iya fitar da ɗan sayanayid idan suka zauna tare.

Gini a narke cikin tukunya

Wannan ita ce tsohuwar hanya. Da ita Vincent du Vigneaud ya haɗa oxytocin a 1953. Kowane mataki ana yinsa a tukunyar da kowace masana'antar magani ke da ita, da amino asid kusan ɗaya bisa ɗaya, sannan a ware abin da aka samu ta wanki ko ta fitar da kiristal. Fa'idar tana nan: kowane kiristal tsarkakewa ce, kuma ana iya auna kowane tsaka-tsakin abu a san abin da ke hannu. Tsarin da ya kai ga maganin kansa ya yi kiristal ya tsallake HPLC da injin busarwa gaba ɗaya, kuma a matakin tan wannan shi ne bambancin riba da faɗuwa. Feftayid masu zobe, saboda ƙafewar siffarsu, sun fi miƙaƙƙu yarda su yi kiristal. Merck ya bi wannan tafarki da enlicitide: gutsattsari da aka gina a narke, aka haɗe su, tare da sa enzayim a wasu matakai.

Kuɗin da ake biya shi ne lokaci. Babu girki guda da ke yi wa kowane mataki. Kowanne sai an nemo masa ruwansa da yanayinsa, aikin shekara biyu ko uku ga tawagar ƙwararru. Da sarƙa ta wuce amino asid takwas zuwa goma, takan ƙi narkewa ko ta zama kamar kamu mai kauri da ba ya tacewa. In maganin ya faɗi a gwajin asibiti, duk wannan wahala ta bi ruwa.

Akwai tsaka-tsaki da Japan ta yi fice a kai: a maƙala wa sarƙar wata jela mai maiƙo wadda ke riƙe ta a ruwan sinadari yayin da ake wanke datti da ruwan zalla. AJIPHASE na Ajinomoto da Molecular Hiving na Jitsubo misalai ne. Ruwan da ake ci ya ragu ƙwarai, ana iya guje wa DMF, amma ana biyan lasisi, kuma matsalar da aka fi sani ita ce ruwan biyu su ƙi rabuwa, a yi ta jiran tukunya ta kwanta.

Ɗinke gutsattsari

Darasin ya fito daga maganin da ba zobe ba ne: enfuvirtide na cutar ƙanjamau, amino asid 36, wanda aka amince da shi a 2003. Mara lafiya yana buƙatar miligiram 90 sau biyu a rana, don haka Roche ya gina gutsattsari uku a rezin 2-CTC, ya ɗinke su a narke a masana'antarsa ta Boulder a Amurka, ya kai matakin tan. Gajeren gutsure yana fitowa da tsabta, kuma in ɗinki bai kama ba, abin da ya rage ya bambanta da maganin sosai har raba su ba wuya. Gutsure ɗaya in ya lalace shi kaɗai za a sake.

Rauninta ɗaya ne da na rufe zobe: kowane ɗinki wurin juyewar hannu ne, don haka a yanka a bayan Gly ko Pro. Tana kuma son masana'antar da ta iya sana'o'in biyu. Ga zoben amino asid bakwai ko takwas ba ta da wani amfani. Daga goma sha biyar zuwa sama take nuna kanta.

Ƙwayoyin halitta da enzayim

Cyclosporine yana da amino asid 11, bakwai daga ciki masu N-methyl, abin da zai gajiyar da kowane rezin. Naman gwarin Tolypocladium inflatum yana ƙera shi a tanki daga sukari da abinci mai arha, ya rufe zoben da kansa. Haka daptomycin daga Streptomyces roseosporus, inda ake ɗiga asid ɗin decanoic a hankali, don in ya yi yawa yana kashe ƙwayar, in ya yi kaɗan ta saka wata jelar daban. Caspofungin da voclosporin rabi da rabi ne: tanki ya ba da ƙashin bayan, sinadari ya ƙarasa gyara. Vosoritide kuma ana sa bakteriyar E. coli ta yi sarƙar.

A matakin tan babu mai arhar wannan hanya, amma ba zaɓi ba ce ga kowa: sai in halitta ta riga ta san maganin ko ɗan'uwansa, ko kuma duk amino asid ɗinsa na asali ne. Inganta irin ƙwayar aikin shekaru ne. Tanki yana fitar da dangin maganin masu bambancin amino asid ɗaya, baƙuwar ƙwaya na iya shiga ta ɓata zubi, kuma ga E. coli sai an tabbatar an kori gubar bangonsa da furotin ɗinsa.

Enzayim masu rufe zobe, irin su butelase 1 daga tsiron Clitoria ternatea da omniligase, suna aiki cikin ruwan zalla, ba sa juya hannu, ba sa buƙatar tsinkawa mai yawa. Sharaɗinsu shi ne su ga jerin amino asid da suka sani a wurin ɗinki. Butelase yana neman Asn ko Asp. Har yanzu ba su da dogon tarihi a magungunan da ke kasuwa, kuma wanda ya ɗauke su zai yi wa hukuma bayani mai yawa.

A teburi

| Ma'auni | Rezin | A narke | Gutsattsari | Ƙwayoyin halitta |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farawa | Kaɗan | Mai yawa | Matsakaici | Mafi yawa |
| Tsadar giram a matakin tan | Mafi tsada | Arha | Matsakaici | Mafi arha |
| Lokacin kafawa | Watanni | Shekara 2 zuwa 3 | Shekara 1 zuwa 2 | Shekaru da dama |
| Tsawon da ya dace | Har 30 ko 40 | Ƙasa da 10 zuwa 12 | 15 zuwa sama | Abin da ƙwayar ta iya |
| Baƙin amino asid | Suna shiga, da ɓarna | Suna shiga, ba ɓarna | Suna shiga | Da wuya |
| Ɗorewa daga zubi zuwa zubi | Ta dogara ga rezin da wanki | Mai ƙarfi | Mai kyau | Ta dogara ga irin ƙwaya |
| Buƙatar HPLC | Kusan dole | Ana iya tsallakewa | Yawanci | Ya danganta |
| Babban haɗari | Sarƙoƙi masu giɓi, tulin shara | Ƙin narkewa, asarar lokaci | Juyewar hannu | Dangin magani, gurɓata |

Layin HPLC ya cancanci a sake kallonsa. Bututun tacewa mai faɗin santimita 60 yana shan asitonaitiril kamar rijiyar da ba ta cika, kuma wanda ya ga ƙarancinsa a 2008 da 2009 ya san cewa rarar wata masana'anta ce, ba don mu ake yinsa ba. Bayansa akwai sauya gishirin TFA zuwa asitet, sai busarwa ta daskarewa mai cin kwanaki a kowane zubi. Ƙa'idar magungunan Turai tana son a bayyana duk dattin da ya wuce kashi 0.1, a san ko wane ne in ya wuce 0.5, a tabbatar ba ya cutarwa in ya wuce 1.0. Manyan masu yi wa wasu ƙira, Bachem da PolyPeptide da CordenPharma, magungunan rage ƙiba sun cika musu layi, don haka samun gurbi ma wani farashi ne.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Mai maganin allura da buƙatarsa ba ta wuce kilo kaɗan zuwa gomomi a shekara ba, irin oxytocin ko zilucoplan, ya tsaya a rezin. Kuɗin sinadarin bai kai a sauya hanya dominsa ba; ya sa ƙarfinsa wajen gyara rufe zoben da tacewa.

Ƙaramin kamfani da ke gwajin asibiti na ɗaya ko na biyu shi ma rezin, don sauri. Amma in maganin na haɗiya ne, ya fara biyan wata tawaga ta nemo hanyar narke tun yanzu. Sauya hanya yana sauya irin dattin da ke cikin maganin, kuma hukuma za ta nemi hujjar cewa sabo da tsoho abu ɗaya ne. Wannan ya fi sauƙi kafin gwaji na uku; bayan an ba da lasisi, aiki ne mai cin shekaru.

Maganin haɗiya mai gajeren zobe, cike da baƙin amino asid, da ake sa ran dubban ɗaruruwan mutane za su sha kullum: a narke, a kuma nace sai an samu kiristal, ko na maganin ko na abin da ke gabansa da mataki ɗaya.

Sarƙa mai amino asid 15 zuwa sama da buƙatar ɗaruruwan kilo: gutsattsari, muddin jerin yana da Gly ko Pro a wuraren da za a yanka. In babu, a gwada hanyar jela mai maiƙo kafin a haƙura da rezin.

Wanda maganinsa ɗan gidan cyclosporine ne, ko na daptomycin, ko na echinocandin irin su caspofungin, ya sayi ƙashin bayan daga masu tanki ya yi gyaransa da sinadari. Mai sarƙa doguwa ta amino asid na asali zalla da gadar salfa biyu guda ɗaya ya nemi farashi daga masu E. coli kafin ya sa hannu a kwangilar rezin, musamman in lissafinsa ya haura kilo ɗari a shekara.